Kalmar da Baffa Ya Tsallake

Makon jiya aka yi suna a gidan da ke kallon namu, nan Arkilla, inda nake zaune wurin jikana tun da ƙafafuna suka fara gajiya da ni. Da hantsi aka kawo bijimi aka ɗaure shi a gindin dogon yaron ƙofar gida. Ni ban gan shi ba, ina cikin ɗaki. Abin da ya iso kunnena kukan igiya ne, irin ƙarar nan da take yi idan dabba mai ƙarfi ta ja ta har ta miƙe ta fara cin jikin icce. Ina riƙe da kofin kunu, sai na ajiye shi. Shekarun da ke tsakanina da ranar da zan ba ka labari sun haura saba'in, amma kunnena bai san da haka ba.

Gidan da aka haife ni yana bayan Hubbare, a tsohon garin Sakkwato, cikin wani lungu da jakuna biyu ba sa iya giftawa. Kakana malami ne, kuma da nahawu aka san shi. Daga Kabi, daga Zamfara, har daga Adar, mutane masu furfura sukan zo su zauna gabansa a kan buzu, a wuni ana jayayya kan wasali ɗaya na ƙarshen kalma. Mahaifina ya rasu ina goye, mahaifiyata ta yi wani aure, don haka a hannun Kaka da matarsa, wadda muke kira Inna, na tashi. Allona a zaurensa yake jingine, ni ke share zauren, ni ke kai ruwa. Ta haka na ji abubuwa da yawa da ba don ni aka faɗe su ba.

A lokacin Turawa ba su daɗe ƙwarai da cin garin ba. Waɗanda suka ga ranar da idonsu suna nan da ransu, wasu da tabo a jiki, kuma ba ka taɓa jin suna zancenta. Bariki yana can bayan ganuwa. Safe da yamma ana busa bigila, iska ta kawo mana ita har tsakar gida, kuma na lura duk sanda aka busa Inna takan dakata da abin da take yi, daka ne ko tankaɗe, sai an gama ta ci gaba. Ban taɓa tambayarta dalili ba.

Baffa, ƙanin mahaifina, shi ne wanda gidanmu ya bayar da aka ce kowane babban gida sai ya ba da yaro a kai makarantar boko. Kaka bai so ba, amma babu wanda ya tambaye shi ko yana so. Baffa ya yi 'yan shekarunsa a can, ya tsinci Turanci, rabi a aji rabi a bakin akawuna mutanen kudu, har aka ɗauke shi tafinta a ofishin Joji, wato Baturen da ke yanke shari'ar da ta shafi gwamnati. Doka ɗaya Kaka ya kafa masa: takardar Bature ba ta shiga zauren da littattafai suke. Mu yara kuwa gani muke duk ƙasar babu wanda ya kai Baffa Turanci. Idan ya dawo aiki yakan tsaya bakin rijiya yana wanke ƙafa yana magana shi kaɗai ta hanci, mu kuma mu laɓe bayan rumbu muna ƙunshe dariya.

Sai daga baya na gane iyakar saninsa. Ya san sunayen abubuwa, ya san kalmomin aiki, irin su ya zo, ya tafi, ya buga, ya ɗauka. Amma akwai wasu dogayen kalmomi da Turawa ke maƙalawa kusa da aikin, yawancinsu da "li" suke ƙarewa. Baffa yana ce musu masu wutsiya. Ya ɗauka ado ne kawai na masu harshen. In ya iske su a takarda sai ya tsallake, magana kuma ta tafi daidai ba tare da su ba. Shekara uku yana haka, ba a taɓa kama shi ba.

Katanga ɗaya ta raba mu da wani mahauci. Ƙaton mutum ne mai kauri, ba shi da yawan magana, kullum jikinsa da warin kitse ko da ya yi wanka ya sa tufafin Juma'a. A bayan Kaka yake salla. In ya dawo kasuwa yakan miƙo mana ɗan soye ta kan katanga, cikin ganye, ba tare da ya ce komai ba. Matarsa ɗaya, 'ya'yansa huɗu, babbar ƙawata ce.

A farkon bazarar shekarar da abin ya faru, wani soja ya mare shi a kasuwa. Sojan baƙo ne, da tsage a fuska irin wanda ba mu sani ba, Hausarsa kuma a karye take. An ce ya sa hannu yana juya nama a kan faifai, mahaucin ya ce masa ya bari, shi ke nan ya ɗauke shi da mari gaban jama'a har hularsa ta faɗi cikin jini. Mahaucin ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya sa ta haka nan, ya ci gaba da yanka. Kafin la'asar babu wanda bai ji ba a unguwa.

Kamar mako uku bayan haka Inna ta aike ni da fura gidan goggona, kusa da hanyar mayanka. Ka san zafin Sakkwato kafin saukar ruwa, ƙasa tana cin tafin ƙafa, ko tsuntsu ba ka ji. Ina tafe ina bin inuwar katanga sai na ji wannan kukan igiya a bayana. Na manne da bango. Maƙwabcinmu ne yake jaye da wani jan bijimi mai manyan ƙahoni, dabbar ta ji warin jini tana turjewa, tana fizga, shi kuma ya naɗe igiyar a hannu ya kafa dugadugansa a ƙasa, ana jan sa a tsaye. Can gaba, inda lungun ya tsuke, wani mutum cikin kaki yana tsaye ya ba mu baya, yana sayen goro. Na ga mahaucin ya ɗaga kai ya dubi gaba. Sannan na ga hannuwansa sun buɗe.

Ba zan faɗa maka abin da bijimin ya yi wa mutumin ba. Ƙwaryar furar ta faɗi, ban san sanda na isa gida ba. Sojan nan ne mai tsage. Kafin magariba ya cika.

Da wani ne daga cikinmu ya mutu, gaban alkali za a je. Amma na gwamnati ne, don haka sojoji suka zo da kansu, su shida, suka fito da mahaucin daga gidansa suka tasa shi gaba zuwa bariki. Ina leƙe ta ƙofar zaure. Tafukan hannunsa a naɗe suke da tsumma, igiya ta saɓule masa fata. Da suka zo daidai ƙofarmu ya ɗan rage tafiya ya ce, "Malam, a sa ni addu'a." Aka ingiza shi da gindin bindiga.

Daga ranar unguwar ta yi tsit. Ba a ƙara hura wutar suya a gidan mahaucin ba. Fatun da ya shanya a bayan gida babu wanda ya kwashe, ungulaye suka dawo kan katangar da ke tsakaninmu, su jeru tun safe suna kallon tsakar gidanmu. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani, mu kwashe shanya, sannan ya watse ko ɗigo babu.

Kwana uku da kama shi, Baffa ya dawo da fara'arsa ya ce wa Inna a kwantar da hankali. Akawu ya rubuta yadda abin ya faru, shi da kansa ya fassara wa mahaucin takardar, mahaucin ya yarda haka ne, ya dangwala yatsa. Tsautsayi ne, kowa ya sani. Joji ya fita rangadi, in ya dawo za a zauna, ƙila a tsare shi 'yan watanni a sake shi. Washegari matar mahaucin ta shigo da ƙwarya a rufe da faifai, hanta da ƙoda ne da 'yan'uwan mijinta suka kawo mata. Ta durƙusa gaban Inna ta ce a ba tafinta, Allah ya saka masa, tunda Allah ya sa nasu ne a wurin.

Ba a kai ga dafa naman ba. Rana tsaka, lokacin da bai saba dawowa ba, Baffa ya shigo zaure. Ɗalibai sun tashi, daga Kaka sai ni ina wanke allo. Fuskar Baffa ta yi fari kamar an shafa mata toka, hularsa a hannu.

Kaka ya ce, "Mi anka yi?"

"Allah shi gafarta Malam, na kashe mutum."

"Wa kak kashe?"

"Maƙwabcinmu. Rataye shi za a yi, kuma da bakina."

Kaka ya ce ya zauna. Baffa ya zube inda yake. Ya ce da safe ya ji sajan yana aiken a nemo sabuwar igiya mai kauri a kasuwa, ya tambaya ta mece ce, sajan ya yi dariya ya ce ta wanda ya amsa laifinsa ce. Shi ne ya ruga wurin akawun, wani dattijo mai tabarau, ya ce a nuna masa inda aka amsa laifi. Akawun ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya.

Kaka ya ce, "Ɗauko takardar."

"Malam, na kwafo layin, amma ba ta shiga zaure."

"Yau ta shiga."

Baffa ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu. Kaka ya ce ya karanta yadda ya karanta wa mahaucin.

"Nic ce mai, ranar kaza kana jaye da sa, ka saki igiya, san ya kashe soja. Haka na? Yac ce haka na."

"To karanta yadda anka rubuta."

Baffa ya bi layin da yatsa, kalma kalma, har ya zo kan wata doguwa da ke zaune daf da kalmar saki. Ya furta ta da ƙyar: dilibaratli. Ban taɓa shiga aji ba, Turancin da na sani a duniya bai cika kalma biyar ba, amma wannan ta zauna a kaina tun daga ranar.

"Mi take nuhi?"

"Da gangan."

Ina jin ƙudaje suna kuka a kan ƙwaryar naman can tsakar gida. Da Kaka ya buɗe baki, ba faɗa ya yi ba, da muryar da yake ba da karatu ya yi magana, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Kahin a ɗauke ka daga wanga zaure, ba mu kai babin hali ba? Mutum ya shigo gidanka. Ga aiki, ga mai aiki, magana ta cika. Amma da sallama yash shigo ko da wuƙa zare? Shigowar guda ta. Wace kalma ka nuna maka ko tabarma za ka shimfiɗa ko kururuwa za ka yi? Babu harshen da Allah bai ba irin wagga kalma ba, har na Nasara. Kai da kak karanta fiƙihu ka san kisan gangan daban, kisan kuskure daban, kuma abin da ke tsakaninsu ran mutum na. Shi kat tsallake."

Baffa yana kuka ba sauti, hawaye suna bin gemunsa. Sai Kaka ya sake tambaya, a hankali.

"Takarda nawa kak karanta ma mutane tun da kaf fara wanga aiki?"

Har Baffa ya koma ga Allah ban ji ya amsa wannan tambaya ba.

Kaka ya ce abu ɗaya ya rage, in Joji ya dawo Baffa ya tashi gaban kowa ya faɗi abin da ya yi. Baffa ya ce za a kore shi, ƙila ma a ɗaure shi. Kaka ya ce ƙila. Baffa ya ce ko ya faɗa ba lalle ya yi amfani ba, tunda sojoji sun riga sun ba da shaidar marin kasuwa. Kaka ya ce, "Wannan ba naka ba na. Naka kalma guda ta. Ka mai da ta inda kaɗ ɗauke ta."

Sannan ya sa Inna ta mayar da ƙwaryar naman, ta kuma faɗa wa matar mahaucin gaskiya ba tare da ragi ba. Ni na ɗauki ƙwaryar na bi ta. Matar ta saurara har ƙarshe, tana zaune a ƙofar ɗaki da jariri a cinya. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta dubi Inna ta ce, "Ashe bai iya ba?" Inna ta ce bai iya ba. Ta ce, "To don mi yak karanta?" Muka tsaya, muka tsaya, muka juyo. Ƙawata tana bakin murhu, ba ta ɗago ta dube ni ba.

Kwana takwas suka rage Joji ya dawo. A cikinsu na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Kullum Baffa yakan je wurin dattijon akawun ya roƙe shi ya tsamo masa masu wutsiya daga tsofaffin takardu, ya faɗa masa ma'anarsu, shi kuma ya rubuto su da ajami. Bayan la'asar Kaka ya sallami ɗalibai da wuri, su zauna su biyu a zaure. Baffa ya karanta kalma, ya faɗi ma'ana, Kaka ya ce a wane gefe za a sa ta. Wannan tana faɗin yadda aka yi aikin, a sa ta nan. Wannan lokaci take faɗi, wannan wuri. Waccan kuwa gwargwado take nunawa, ko kaɗan ko da yawa. Mutumin da bai yarda takardar Bature ta taɓa buzunsa ba, ga shi yana karkasa kalmomin Turawa babi babi kamar yadda yake wa na Larabci, yana gyara wa Baffa in ya sa wata inda ba nata ba.

A rana ta huɗu Baffa ya dawo da abin da ya ƙara karya shi. Akawun ya nuna masa cewa ba dukansu ke da wutsiya ba. Akwai gajeru da ba su da wata alama, suna laɓe cikin layi. Ɗaya ita ce olmos, wai saura kaɗan. Baffa ya ce wa Kaka, in an rubuta mutum ya yi saura kaɗan ya kashe, aka tsallake ta, an mai da shi mai kisa ke nan. Wata kuma neba, wai ko sau ɗaya bai taɓa ba. Kaka ya ce ya rubuta su da jan tawada. Baffa ya daina cin abinci sosai. Sai ka gan shi a tsakar gida tsaye, leɓɓansa suna motsi, idonsa a kan katanga.

Ni ma ina ɗauke da nawa. Tun ranar ban faɗa wa kowa cewa na ga mahaucin ya ɗaga kai ba. Abin yana cina, in na rufe ido sai in ga hannuwan nan suna buɗewa. Ana saura kwana biyu, ina zuba wa Kaka ruwan alwala, na faɗa masa. Ya tsaya da ruwa a hannu.

"Kin ga ya ɗaga kai?"

Na ce na gani.

"Kin ga hannunai ya buɗe?"

Na ce na gani.

"Kin ga zuciyatai?"

Na ce a'a.

"To abin da kig gani shi kig gani. In an tambaye ki, hwaɗi shi, kar ki rage. Kuma kar ki ƙara mai komi." Ya ci gaba da alwala. Babu wanda ya tambaye ni, wa zai kira yarinya 'yar shekara tara gaban Joji? Amma na lura daga ranar addu'ar da Kaka yake yi bayan salla ta ƙara tsawo.

Ranar zaman, Baffa ya sa farar riga, ya durƙusa gaban Kaka aka tofa masa addu'a, ya fita. Mata ba su je ba. Abin da zan faɗa yanzu a bakin mahautan da suka tsaya a waje na ji shi, da kuma bakin Baffa bayan shekaru. Da aka karanta takardar, Joji ya ce tafinta ya tambayi mai laifi ko yatsansa ne. Baffa ya ce yana da magana tukuna. Ya faɗa da Turancinsa, gaban sajan da sojoji, cewa akwai kalma ɗaya a takardar da bai fassara ba, domin a ranar bai san ta ba, kuma mutumin nan ya dangwala yatsa ne a kan abin da bai ji ba. An ce fuskar Joji ta yi ja har wuya. Ya tambayi Baffa tun yaushe yake aiki a ofishin, ya faɗa masa. Joji ya buga tebur. Sannan ya ce a sake karanta layin, duka.

Baffa ya juya ya ce wa maƙwabcinsa, "An rubuta ka saki igiya da gangan. Haka na?"

Mahaucin ya dubi Baffa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya kwance tsumman hannunsa ya ɗaga tafukan sama, fatar ba ta gama haɗewa ba. Ya ce, "Na saki. Igiya ta ci hannuna na saki. Allah na shaidata."

Sajan ya tashi ya kawo zancen mari. Joji ya tambayi mahaucin ko gaskiya ne an mare shi, ya ce gaskiya ne. Ya tambaya ko ya ga sojan a gabansa, ya ce ya ga mutum. An ce Joji ya riƙe alƙalami a sama tsawon lokaci, kowa yana kallon hannunsa. Daga ƙarshe ya ja layi a kan doguwar kalmar, ya rubuta wata a samanta. Ita ma mai wutsiya ce, kiyalasli, wato da sakaci. Baffa ya san ta, tana cikin waɗanda suka karkasa a zaure, kuma ita ce kalma ta ƙarshe da ya fassara a ofishin. Shekara bakwai aka yanke wa mahaucin. Baffa kuwa aka karɓe hular aikinsa a nan take, ɗan sanda ya raka shi har bakin ganuwa.

Ruwan farko ya sauka kwana biyu bayan haka, da iska mai ƙarfi da ta kwashe rufin ɗakin girkinmu. A cikin damanar aka tafi da mahaucin wani gari can gabas, a ƙasa, ɗaure da sarƙa tare da wasu. Matarsa ta kwashe yara ta koma wurin danginta, ban sake ganin ƙawata ba. Har kaka ta yi, sojoji biyu ko uku sukan ratso lungunmu da rana ba tare da wani dalili ba, su tsaya a ƙofar zaure suna kallon ciki, su wuce. Ɗalibai da yawa suka daina zuwa saboda haka.

Baffa ya koma gaban Kaka ya ɗauki nahawu daga inda aka katse shi. Daga baya ya zama mai karanta wa mutane takardun gwamnati a ƙofar gida, kyauta. Mutane suna ƙorafin jinkirinsa, domin ba ya wuce kalma sai ya tabbata, in bai san ta ba sai ya ce bai sani ba, a dawo gobe. Wani lokaci, ba gaira ba dalili, yakan shirya ya tafi wani ƙauye ya kwana biyu. Inna ta ce mutanen da ya taɓa fassara wa takarda yake nema, waɗanda ya iya tunawa. Abin da ya tarar a can bai taɓa faɗa mana ba.

Mahaucin ya dawo ina da aure har da goyo, Kaka ya riga ya rasu. Ya rame, haƙoransa sun zube, yana tari. Bai ƙara jan dabba ba, sai dai ya zauna a rumfar wani yana tsire nama a tsinke. Baffa ya je ya durƙusa gabansa cikin kasuwa ya nemi gafara. Mahaucin ya ce, "Allah shi yahe muna baki ɗaya," ya ci gaba da aikinsa. Daga nan ba su ƙara wata magana ba sai gaisuwa. Bai cika shekara biyu ba ya rasu, Baffa yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Sojan kuwa a bayan bariki aka binne shi. Ban taɓa jin wanda ya san garinsu ba, ko an aika wa uwarsa.

Yanzu gidan nan da nake kowa yana Turanci, har da ƙananan da ba su iya ɗaura zane ba. A bakinsu ba ya da nauyi, da shi suke faɗa kan wanda zai wanke kwano. Kwanan baya 'yar jikana, mai shekaru kamar nawa na wancan lokacin, ta zauna kusa da ni tana bitar darasi, na ji tana jero kalmomi masu ƙarewa da "li" kamar waƙa. Na tambaye ta sunansu. Ta ce da Hausa bayanau ake ce musu, kuma malaminsu ya ce su ne mafi sauƙi, domin ko an cire su jimla ba ta lalacewa.

Na ce ta gaya wa malamin wata tsohuwa ta ce kada ya sake faɗa wa yara haka. Ta yi dariya ta ce, "Kaka, ke da ba ki je makaranta ba?" Na ce haka ne, ban je ba. Na ce ta rufe littafin ta gyara zama, ta kira ƙannenta.